Bebiyar Wada da Kunnen Malam

Duk wanda ya ce maku garinmu ya watse don ba mu da mai tsaro, ƙarya shike yi. Muna da shi. Mijina ne, kuma da hannunmu munka sauke shi, rana tsaka, ana ta dariya. Na ce "mu", ban ce "su" ba, ku riƙe wannan a ranku.

Ni ce Ruƙayyatu. Garinmu Tungar Sodangi, gida arba'in da 'yan kai, cikin dajin da ke tsakanin Isa da Sabon Birni. Sunan maigida ba shi fita bakina, amma tun da labari ne za ni faɗa sau guda: Kalilu. Daga nan sai dai ku ji Malam. Shekara ashirin ya yi shina tuƙa babbar mota daga Isa zuwa Maraɗi, kafin yanar ido ta rufe mashi idanu duka biyu. Ido ya tafi, kunne ya tsaya. In babur ya taso daga hanyar Bafarawa, kafin kare shi ɗaga kai Malam ya faɗa maka na wane ne, har ya ce a gaya ma mai shi shi canza fulogi.

Da 'yan bindiga sunka fara shigowa ƙasarmu bisa babura, sai gari ya ba shi aiki. Anka rataye tsohon ƙarfen tayar tirela ga tsamiyar bakin gari, anka ba shi guntun rodi. Nan shike wuni. In ya ji babura da yawa, sai shi buga. Bugun nan na ba mace lokacin da za ta goya ɗanta, ta kwance akuyarta, ta kai kwazazzabon da ke yamma da gari, maza kuma su kora shanu. Sau uku ya buga, sau uku sunka iske gari wayam. Ladan aikinai mudun gero guda kullum, gida-gida ake zagayawa. Da shi muke ci, ni da shi, don ɗiyanmu biyu mata ne suna aure nesa, gonarmu kuwa ba mai noma ta.

Sai fari ya zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke gero na da ciki. Ta biyu sau uku munka shuka, sau uku rana ta ƙone. Anka sassare itatuwa don ba dabbobi ganye, har tsamiyar Malam ta koma rabin inuwa. Mata na tsinko anza daga daji, su jiƙa ta kwana uku don ɗacinta shi fita. Mudun da a da ake aiko mani har ɗaki ya zama sai na bi shi, in tsaya ƙofar mutane ina kwaɗa sallama ana yi kamar ba kowa ciki. Wata ma ta taɓa auna mani ta shafe bakin mudun, sannan ta sa yatsa ta ƙara rage shi ina kallo. Ba wanda ya fito ya ce a daina ciyar da makaho, kunya ta hana. Amma kowa na jiran wanda zai cire mashi kunyar.

Wada ne ya cire masu. Ɗan ƙanen Maigari Sodangi ne, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar shi kawo. Shekarar da haƙarƙarin mutane ke fita, shi wuya ya aje.

Ran wata Talata da hantsi na kai ma Malam ruwa, na juya ke nan sai na hangi farar mota tana tahowa bisa hanya kamar ana jan ta da igiya. Ba ƙara, ba hayaƙi. Mazan da ke zaune bakin masallaci sunka miƙe, Wada ya leƙo ta taga ya ɗora yatsa bisa baki, sunka yi tsit. Ni kaina na tsaya ina kallon ta da mamaki. Malam na zaune da carbi, fuska ga hanya. Motar ta zo har hancinta ya kusa taɓa gwiwatai. Sannan ɗan banzan ya danna hon.

Malam ya zabura ya faɗi ta baya, hula gefe, rodi gefe, shina lalube ƙasa shina salati. Gari ya fashe da dariya. Dattijai masu furfura, waɗanda sau uku ya cece su da shanunsu, suna riƙe ciki.

"Baba, ina kunnen?" in ji Wada. "Da ɓarawo ne ni, ai da na aske maka gemu kana jan carbi."

Na ce, "Allah wadanka, Wada! Sa'an ubanka ne fa wannan!"

Ko kallona bai yi ba. Shina can shina buɗe ma mutane gaban mota, shina cewa daga Kwatano ya kawo ta, wai sunanta haibirid, wai ta sha mai sau guda ta kai shi Maraɗi ta dawo. Kafin azahar gari ya raɗa mata Bebiya.

Bayan la'asar Maigari ya kira mu zaure. Ya yi ta kwana-kwana, fari kaza, rumbuna kaza, sannan ya kai inda za shi. Ya ce, "Malam, kunne ya tsufa. Mota guda ta zo har gwiwarka ba ka ji ba. Mutane sun ce ba su iya ci gaba da mudu."

Na buɗe baki, Malam ya dafa mani hannu. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ban san irinta ba ne. A ba ni wuni guda kusa da ita, sannan a gwada ni. In na faɗi, ni da kaina za ni miƙa rodin."

Wada ya ce ya yarda, dama wasan bai ishe shi ba.

Laraba Malam ya wuni cikin motar nan. Ya sa Wada ya kai shi rafin da ya ƙafe, ya sa shi ya shiga yashi, ya hau tudu, ya gangaro, ya tsaya, ya tashi. Ya kwanta bisa kujerar baya ya manna kunne. Samari na bin su suna ihu, suna cewa makaho na neman auren Bebiya. Da yamma ya dawo, na aje mashi anza gabanai, bai ko taɓa ba. Fuskatai na walƙiya, abin da rabon in gani tun shina direba. Haushi ya kama ni.

Na ce, "Motar da ta kada kai ƙasa ce kake ma murmushi?"

Ya ce, "Ruƙayya, ba laifinta. Zauna ki ji. Inji biyu gare ta. Guda na fetur, irin wanda na sani. Guda na lantarki, shina cin wuta daga wani babban batir da ke ƙarƙashin kujerar baya, na ji iskar da ke sanyaya shi. In tana tafiya sannu bisa hanya mai tauri, na lantarki kaɗai ke ja, na fetur shina barci. Shi ne ba a jin ta. Da an taka ta da ƙarfi, ko ta shiga yashi, ko tudu, sai na fetur shi farka da kainai shi kama mashi. Ba wanda ke tada shi."

"To batirin fa, wa ke cika shi?"

"Nan wayon shike. Na fetur na ba shi kaɗan. Sauran daga birki. Ni shekara ashirin ina taka birki, ƙarfin mota duk shina zama zafi shi bi iska. Wannan kuwa in anka taka, tayoyin ne ke juya injin lantarkin, shi maida ƙarfin cikin batir. Abin da muke zubarwa ita tarawa take yi. Kai, wanda ya ƙera ta ya san ciwon asara."

Na ce ni duk wannan bai cika mani tukunya.

Ya yi dariya. Ya ce, "Zai cika. Batirin ba shi kai ta nesa. Daga rafi zuwa nan iyakarta ke nan, kuma ba ta ƙetare yashin rafi ba tare da na fetur ya yi magana ba. Za ni ji shi can. Ko da ya yi shiru, tana da wani siririn kuka kamar na sauro, jiya ban san shi ba, yau na san shi. Gobe iwar haka mudunki na cikin ƙwarya."

Sharaɗin da anka yanke shi ne wannan. Alhamis, tsakanin azahar da la'asar, Wada zai taho lokacin da ya ga dama. In Malam ya buga ƙarfe kafin motar ta iso tsamiya, ya ci. In ta iso bai buga ba, ko ya buga alhali ba motar da ke tafe, ya faɗi. Da safe Maigari ya sa anka yi shela gida-gida: yau duk wanda ya ji ƙarfe kada shi gudu, gwaji ne. Na ji shelar da kunnena, ban ga komai cikinta ba. Ba wanda ya gani.

Da hantsi Wada ya fita da motar ta hanyar rafi, shina taka ta da gangan don Malam shi ji fitarta. Ashe zagayawa ya yi ta bayan gari ya kashe ta nesa. Da anka shiga sallar azahar, Malam na cikin sahu, sai ƙattai shida sunka turo ta da hannu, ba inji ko guda, sunka aje ta bayan tsamiya, taku talatin daga tabarmatai. Nufinsu in ya gaji da sauraron rafi, Wada shi silalo daga baya shi sake danna mashi hon.

Na iso da ƙwaryar ruwa na gan ta. Na juya wajen masallaci. Kafin in yi magana Jibrilla, ƙanen Maigari, ya tare ni. Ya ce, "Inna, kika yi tari ya faɗi. Ba a ce ta ina motar za ta zo ba."

Na duba ko akwai wanda zai ce wannan zalunci ne. Gari duka na nan. Mata sun fito da goyo, yara bisa katanga, shanun da sunka rage suna ɗaure a turke don masu kiwo sun ce ba a ba su labari. Kowa na kallon motar, ya kalli Malam, ya danne dariya. Ba ko mutum guda.

Anka jawo Malam daga masallaci, ya zauna, ya gyara hula, ya aza rodi bisa cinya. Ya karkata kai wajen rafi. Rana na dukan rabin jikinai. Na tsaya kusa da shi ina roƙon Allah ƙasa ta tsage ta haɗiye Wada da motatai.

Anka daɗe. Wada na cikin mota shina ta yi ma mutane alama da hannu su yi haƙuri.

Sai na ga Malam ya aje carbi. Ya miƙa wuya. Leɓɓanai na motsi kamar mai ƙirga. Ya tashi zumbur, ya lalubo ƙarfen, ya dinga dukanai da duk ƙarfin da yunwa ta bar mashi.

Ihun da anka yi har yau ina jin shi. "Ya faɗi! Ya faɗi! Ya buga ba mota!" Yara na tsalle, mata na tafi. Wada ya fito shina dukan rufin mota don dariya.

Malam na ɗaga murya, "Ba mota ba ce! Babura ne! Sun fi talatin, sun shigo yashin rafi! Ku gudu!"

Dariya ta ƙaru. Jibrilla ya ce, "Kun ji wayon tsoho? Ya ga ya faɗi, ya koma babura."

Wada ya ce, "Baba, Bebiya ga ta nan bayanka tun azahar. Ko ita ce ta haifi baburan?"

Malam bai saurare su ba. Shina buga ƙarfe shina kiran sunayen mutane ɗaya-ɗaya, shina cewa wance ɗauki ɗanki, wane kwance shanu. Hulatai ta faɗi, yawu na zuba bisa gemu. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai dariya. Na dubi motar nan da ke tsaye, na dubi mijina shina haukacewa gaban waɗanda sunka raina shi, kunya ta rufe ni. Na ce a raina tsoho ya ruɗe, tsoron rasa mudu ya sa shi jin abin da babu.

Ni na riƙe mashi hannu. Ba Jibrilla ba, ba Wada ba. Ni. Na ce, "Malam, don Allah bari. Ya isa. Motar na bayanka, na gan ta da idona."

Ya ce, "Ruƙayya, har ke?"

Na zare rodin daga hannunai, ya sakar mani don ni ce. Jibrilla ya karɓe ya miƙa ma Maigari. Maigari ya fara jawabi, wai ba don ƙiyayya ba, wai kowa ya shaida. Malam ya duƙa shina lalube dutse, ya samu wani ɗan ƙarami, shina ƙwanƙwasa ƙarfen da shi, sautin ko katangar masallaci bai kai ba.

Maigari bai gama jawabi ba karnuka sunka fara haushi. Sannan kowa ya ji. Amma lokacin da kunnen mai ido ya ji babur, babur ɗin ya riga ya iso.

Ba za ni ba ku labarin abin da ya biyo baya dalla-dalla ba, ba ni iyawa. Gari duka wuri guda, ba wanda ke kusa da kwazazzabo, shanu a ɗaure kamar an shirya masu. Wada ya faɗa mota ya taka ta iyakar ƙarfinai, injin fetur ya farka da ruri, ran nan kam kowa ya ji Bebiya. Mata na bin ta da jarirai suna dukan gilashi, bai tsaya ma kowa ba, har ƙafar Jibrilla ya taka ya wuce. Mutum goma sha ɗaya munka binne washegari, Maigari na cikinsu. Anka tafi da mata bakwai da duk abin da ke da ƙafa huɗu.

Ni na faɗa cikin wani rami bayan tsamiya, ina ganin komai. Malam bai gusa ba. Uku daga cikin 'yan bindigar sunka tsaya kainai. Guda ya ce, "Kai ne mai ƙarfen? Kai ne ka sa mu asarar mai sau uku?"

Malam ya ce, "Ni ne."

Na rufe ido ina jiran su harbe shi. Ba su harbe shi ba. Biyu sunka riƙe shi, na ukun ya aza bakin bindiga bisa kafaɗatai, daidai kunnen dama, ya harba sama. Ya zagaya hagu ya sake. Sunka sake shi ya zube, jini na fita ta kunnuwa duka biyu, sunka hau babura suna dariya. Dariya ta biyu ke nan da anka yi mashi ran nan.

Yanzu muna Sabon Birni, cikin wani kango kusa da tasha, mu da sauran 'yan Tunga. Ba wanda ke zancen gwajin. In baƙo ya tambaya yadda abin ya faru, sai su ce makahon da ke tsaro ne ya tsufa. Na ji wannan daga bakin matar da ta rage mani mudu da yatsa. Na kama ta da kokawa, sai da anka raba mu.

Malam ba shi gani, ba shi ji. Da safe in fito da shi bakin hanya, shi zauna, shi aza tafin hannu bisa ƙasa. In babbar mota ta wuce ƙasa ta girgiza, sai shi ce, "Tirela ce, da kaya." Wada na nan, ya ƙara ƙiba. Ran kasuwa Bebiya na wucewa gabanmu sannu-sannu cikin cunkoso, taku uku daga ƙafar Malam, bai sani ba. Ni ke tofa mata yawu.

Abu guda shike tambaya, kullum, da ƙarfi kamar yadda kurame ke yi, har masu babura na waigowa. "Ruƙayya, sun yarda na ji? Sun maido mudun?"

Ba ni da hanyar da za ni ce mashi garin ma babu. Ba ni da hanyar da za ni ce mashi shi yafe mani. Na sha faɗa cikin kunnenai har muryata ta dushe. Don haka duk ran da anka raba hatsin agaji, sai in zuba cikin ƙwarya, in kama hannunai, wannan dai hannun da na zare ma rodi, in tura shi cikin geron.

Sai shi damƙa, shi murza, shi yi murmushi. Shi ce, "Ban gaya maki ba?"